YADDA AKE SHAFA FENTI A ƊAKUNAN GIDA

Gabatarwa

Da zarar damina ta ɗauke, manomi ya shigar da dawa da gero rumbu, ya sayar da gyaɗa da wake, sai hankalin magidanta ya koma kan gyaran gida. Haka abin yake a Dukku, ta Ƙaramar Hukumar Rijau a masarautar Kontagora cikin Jihar Neja, haka kuma yake a sauran garuruwa da ƙauyukan ƙasar nan. A lokacin ne ake toshe inda ruwa ya ci, a sabunta yaɓe, a kuma gyara ɗakin da za a kawo amarya. Galibi shafa fenti shi ne aikin ƙarshe, shi ne kuma aikin da aka fi yi wa gaggawa.

Sau da yawa mutum yakan tafi Kontagora ya sayo fenti da kuɗin guminsa, a shafa yau, gobe ɗaki ya yi kyau ƙwarai, amma kafin shekara ta zagayo sai a ga fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Nan da nan sai a ɗora laifi a kan mai kanti ko mai fenti, alhali kuwa yawanci bangon ne ba a shirya ba. Akwai kuma wata hasarar da ta fi ta kuɗi, watau ta lafiyar yara, domin wasu fentocin suna ɗauke da guba.

An shirya wannan ɗan littafi ne don a bayyana wa jama'a yadda za a zaɓi fentin da ya dace da bango, da yadda za a shirya bangon, da yadda za a shafa, ba tare da an cuci aljihu ko lafiyar iyali ba.

Shafen Gargajiya

Tun kafin zuwan fentin gwangwani mutanen ƙasar nan suna da dabarun shafe gine-ginensu. Magina sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su shafe bayan gini da ita don kada ruwan sama ya zaizaye shi. Sukan haɗa katsi na marina da gashin dabbobi da ruwan dafara su yi laso, wanda ake shafe rufin soro da shi. Mata kuwa su ne da daɓe da shafen cikin ɗaki, inda sukan dama farar ƙasa ko jar ƙasa su shafe bango da tsumma, wasu har su zana ado a kewayen ƙofa.

Akwai hikima a cikin wannan. Bangon ƙasa yakan sha danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Farar ƙasa ba ta toshe ƙofofin da danshin yake bi ya fita, saboda haka bangon yakan bushe da kansa. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin ilmin fenti.

Kowane Bango da Irin Fentinsa

A gari kamar Dukku ana samun bango iri uku: na ƙasa zalla mai yaɓen ƙasa, da na ƙasa wanda aka yi wa filastar siminti, da na bulo mai filasta. Abubuwan shafawa su ma iri uku ne aka fi samu a kasuwa.

Na farko farar ƙasa. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ta dace da bangon ƙasa zalla. Iri biyu ce: akwai wadda ake haƙowa a dama da ruwa, akwai kuma wadda ake samu daga dutsen da aka gasa, wadda take tafasa idan an zuba mata ruwa. Ta biyun ta fi kama bango, tana kuma hana funfuna, amma tana ƙona fata da ido. Wasu sukan ƙara ɗan ƙaro don kada ta riƙa goguwa a jikin riga, da 'yar bula don farinta ya fito. Aibinta shi ne ba a wanke ta, sai dai a sabunta kowace shekara ko shekara biyu.

Na biyu fentin ruwa, watau wanda ake sirkawa da ruwa, a kuma wanke burushi da ruwa. Shi ne na bango mai filasta da na silin. Ba shi da ƙarfin wari, yana bushewa da wuri, mai kyaunsa kuma ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Idan aka shafa shi a kan yaɓen ƙasa, ba ya samun abin kamawa, sai ya taso da ƙasar gaba ɗaya.

Na uku fentin mai, mai ƙyalli, wanda ake sirkawa da tina. Wurinsa ƙofofi da tagogi na katako ko na ƙarfe. Wasu sukan shafa shi a rabin bango na ƙasa don yana jure wanki. Amma fa yana toshe bango ruf, in akwai danshi a ciki sai ya kumbura. Kada a kuskura a shafa shi a bangon ƙasa, domin danshin da ya tsare a ciki shi ne zai ruɓar da ginin. A cikin irin wannan fentin ne kuma aka fi samun gubar da za a yi bayaninta yanzu.

Haɗarin Gubar Dalma

Dalma ƙarfe ce mai nauyi. Masu haɗa fenti sun daɗe suna zuba sinadaranta a fentin mai, don launi ya yi haske, ya bushe da wuri, ya kuma hana ƙarfe tsatsa. An fi samunta da yawa a launin rawaya da ja da ruwan lemo da kore. Muddin fentin yana lafiyayye a jikin ƙofa, haɗarinsa kaɗan ne. Amma idan ya tsufa ya fara ɓarewa, ko aka kankare shi, sai ya zama ƙura ya zuba a ƙasa, inda jariri yake rarrafe yana kai hannu baki.

Mutanen Jihar Neja ba baƙi ba ne ga ɓarnar dalma. A shekarar 2015 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar mutuwar yara 28 a wasu ƙauyuka na Ƙaramar Hukumar Rafi. Kafin wannan, a 2010, yara kimanin 400 sun rasu a Jihar Zamfara, musamman a yankunan Anka da Bukkuyum. A waɗannan wurare gubar ta fito ne daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga fenti ba. Amma dalma ɗaya ce, hanyar shigarta jiki ma ɗaya ce, watau ƙura a tsakar gida da hannun yaro. Bambancin shi ne ta fenti takan shiga kaɗan kaɗan, shekara da shekaru, ba tare da kowa ya lura ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara shida illa, da kuma ɗan da ke cikin ciki, domin ƙwaƙwalwarsu tana kan ginuwa. Tana rage kaifin basira, ta kawo ƙarancin jini da ciwon ciki da kasala, in ta yi yawa kuma ta kawo jijjiga da suma har da mutuwa. Illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Yaro yana iya ɗauke da ita ba wata alama, awon jini ne kaɗai yake nunawa.

Amurka ta hana sayar da fentin gida mai dalma tun 1978. A nan Nijeriya, wani bincike da aka buga a 2017 ya sami dalma fiye da ƙima a mafi yawan fentocin mai da aka saya a kasuwa aka auna. Ma'aunin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, bai yarda dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan ba, watau miligiram 90 a kowane kilo na busasshen fenti, a 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta sa wannan iyaka cikin dokokin kare muhalli waɗanda hukumar NESREA take kula da su. Duk da haka doka ba ta shiga ɗakin kowa ta kankare tsohon fenti, saboda haka wajibi ne magidanci ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A ɗakin kwana da duk inda yara suke wasa, a shafa wa bango fentin ruwa ko farar ƙasa.

2. In za a sayi fentin mai, a nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba dalma, mai ɗauke da sunan kamfani da adireshinsa da tambarin SON. A guji wanda ake aunawa a kwalba ko gwangwani marar suna.

3. Kada a shafa ragowar fentin mota ko na ƙarfen masana'anta a cikin gida, ko a gadon yaro, ko a allo da kujerun makaranta.

4. Kada a kankare tsohon fentin mai a bushe, kada kuma a babbake shi da wuta. A jiƙa shi tukuna.

5. In ana zaton yaro ya daɗe yana cin ɓawon fenti, a kai shi asibiti a gaya wa likita, kada a jira sai ya kwanta.

Lokacin da Ya Dace

A ƙasar Kontagora ruwan sama yakan fara wajen Afrilu ko Mayu, ya ɗauke cikin Oktoba. Da tsakiyar damina bango a jiƙe yake, iska ma da laima, fenti ba ya bushewa yadda ya kamata. Da tsananin hunturu kuwa ƙura ce take cika iska, ta manne wa ɗanyen fenti, musamman na mai. Da bazara zafi yakan busar da fenti tun yana bakin burushi, sai sawun burushin ya fito rututu a bango.

Saboda haka lokacin da ya fi shi ne makonni kaɗan bayan ɗaukewar ruwa, sa'ad da bango ya bushe amma ƙura ba ta yi ƙarfi ba, ko kuma bayan hunturu ya sassauta. In ya zama tilas a yi aikin cikin zafi, a fara da sassafe. In cikin ƙura ne, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki da bakin ƙofa, a rufe tagar da iska take bugowa, a bar ta ɗaya ɓangaren a buɗe.

Sabuwar filastar siminti tana bukatar aƙalla mako huɗu kafin ta ga fenti, in da damina ne fiye da haka. Ɗanyen siminti yana da ruwa da kaifi irin na kanwa, waɗanda suke cinye launi su kuma tayar da fenti. Ga hanya mai sauƙi ta gwadawa: a yanko leda kamar faɗin faranti, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, a bar ta kwana ɗaya. In aka ɗaga aka ga raɓa a cikinta, ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba.

Wanda zai aurar da 'ya ko zai kawo amarya, ya lissafa kwanakinsa tun da wuri, yadda za a gama fenti aƙalla mako guda kafin ranar jere.

Lissafin Abin da Za a Saya

Ana sayar da fenti a galan mai lita 4 da babban bokiti mai lita 20. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya a bango mai santsi. Bango mai kaushi ko sabuwar filasta sun fi haka sha.

Ga misali. A ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, watau wajen mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa kuma mita 3. Kewayen ɗakin mita 14.4 ke nan. In aka ninka da 3 za a sami murabba'in mita 43 da ɗoriya. A cire ƙofa da taga, sai a ce saura 40. Shafi biyu ya zama 80, watau lita 8, ko galan biyu. Silin ɗin wannan ɗaki kuwa murabba'in mita 13 ne, shafi biyu zai ci wajen lita 3.

Gara a sayi duk abin da ake bukata a lokaci guda, domin galan biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta kaɗan in ba haɗi ɗaya ba ne. In an zo aiki a juye su cikin babban bokiti ɗaya a gauraya. A duba murfi ko an taɓa buɗe shi, a duba kwanan wata. Fentin ruwan da ya yi ɗoyi ko ya guntse kamar kindirmo ya lalace. Hausawa sun ce araha ba ta ado: fentin da aka cika shi da alli da ruwa sai an yi masa shafi huɗu kafin ya rufe abin da mai kyau zai rufe da biyu, sa'an nan ya riƙa bin rigar duk wanda ya jingina.

Sauran kayan aiki su ne rola da farantinta, da burushi babba da ƙarami, da makankari, da takardar yashi wadda masu sana'a suke kira samfefa, da tsani mai ƙwari, da tsummoki, da takunkumin rufe hanci, da safar hannu.

Shirya Bango

Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, shi ne kuma yake cin lokaci fiye da shafawar kanta.

Da farko a nemi inda ruwa yake shigowa a gyara. In tabon ruwa daga sama yake, a duba kwano ko indararo. In daga ƙasa yake tasowa, har ana ganin wani farin gari kamar gishiri a gindin bango, to ruwa ne yake kwanciya a bayan ɗakin, ko kuwa makwarara ce ta bi kusa. A cike wurin, a karkatar da ruwan, a jira bango ya bushe, a goge garin da busasshen burushi. Babu fentin da yake maganin yoyo. Haka nan in akwai hanyar gara a bango ko a katakon silin, a yi maganinta tukuna.

Sa'an nan a fitar da kaya waje. Abin da ba ya fita, a ja shi tsakiyar ɗaki a lulluɓe. Abinci da ruwan sha da kwanoni kada a bar ko ɗaya. Yara da mata masu ciki da masu ciwon asma su koma wani ɗaki har a gama. A shimfiɗa leda ko tsofaffin buhuna a ƙasa. In gidan yana da lantarki, a kashe shi daga babban makunni kafin a taɓa soket ko a wanke bango.

A share yana da ƙura tun daga silin. Bayan haka a gwada tsohon shafen da ke bango. A goga tafin hannu: in ya fito fari fat, farar ƙasa ce ko fentin da ya mutu, tilas a wanke shi da ruwa da burushi mai tauri, in ba haka ba sabon zai zauna ne a kan gari. Don a san ko tsohon fentin na ruwa ne ko na mai, a jiƙa auduga da sifirit a goga: na ruwa yakan biyo audugar, na mai ba ya biyowa. Fentin ruwa ba ya kama fentin mai mai santsi sai an dusashe ƙyallinsa. A yi wannan da jiƙaƙƙiyar samfefa, ana yi ana yayyafa ruwa, a tattara abin da ya zuba tun yana jiƙe a ƙulle a leda, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a share da tsintsiya. Mai aikin ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya kuma tuɓe kayan aikinsa kafin ya ɗauki yaro.

Bangon da hayaƙin itace ko na fitila ya baƙanta, a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, domin maiƙon hayaƙi yakan huda sabon fenti ya fito. Inda funfuna ta yi baƙi, a wanke da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi huɗu na ruwa, taga a buɗe, kada kuma a gauraya shi da wani maganin wanki.

Daga nan sai toshe tsaga da ramukan ƙusa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, a cikin ɗaki kuwa masu shiga su ne kuɗin cizo da kyankyaso da kunama. A ɗan faɗaɗa tsagar da makankari, a kakkaɓe, a jiƙa, a cusa siminti da yashi mai laushi in babba ce, ko foti in ƙarama ce. A bangon ƙasa a toshe da irin ƙasar da aka yi ginin. In ya bushe a goge ya daidaita. Tsagar da take ƙara buɗewa, ko wadda ta ratsa bango har waje, ba aikin mai fenti ba ce, a kira magini.

Zaɓen Launi

Farin bango yana mayar da kimanin kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, launi mai duhu kuwa shanye yawancinsa yake yi. A ɗaki mai ƙaramar taga, ko gidan da ake dogara da fitila, fari ko ruwan madara ko shuɗi mai haske yakan sa ɗaki ya yi faɗi a ido, yaro ya ga karatunsa, a kuma hangi sauro ko kunama a bango. Silin dai fari ya fi. Wanda yake tsoron dattin hannun yara yana iya shafa launi mai ɗan duhu daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya.

Launi yakan sauya in ya bushe, yakan kuma sauya tsakanin hasken rana da na fitila. A shafa kaɗan a gefe ɗaya, a dube shi da rana a dube shi da dare, kafin a shafe ɗaki duka.

Shafawa

A motsa fenti da sanda mai tsabta har ƙasan bokiti. Wajen sirki a bi abin da aka rubuta a jikin galan. A sabuwar filasta shafin farko yakan zama mai ɗan ruwa-ruwa don bango ya sha ya ƙoshi, amma na biyu da na uku ba a cika musu ruwa. Sabon katako da sabon ƙarfe suna da nasu fentin shimfiɗa wanda ake fara shafawa. Ƙarfe mai tsatsa sai an goge tsatsar.

Ana farawa daga sama a gangaro: silin, sa'an nan bango, sa'an nan tagogi da ƙofofi. A kowane bango a fara bin kusurwoyi da gefen silin da kewayen taga da ƙaramin burushi, sa'an nan a cike tsakiya da rola tun gefen bai bushe ba. Kada a tsoma burushi ya wuce sulusin gashinsa, kada kuma a cika rola har tana ɗiga. A riƙa shafawa sama da ƙasa, kowane layi yana ɗan hawa kan na kusa da shi. In an fara bango a kai shi kusurwa kafin a huta, domin inda aka tsaya a tsakiya yakan bar tabo.

Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Mai kauri yakan zubo kamar hawaye, ya bushe a sama cikinsa ɗanye. Tsakanin shafi da shafi, fentin ruwa yana son sa'a biyu zuwa huɗu, na mai kuwa sai ya kwana. Farar ƙasa akan dama ta ne tsararo kamar madara, a ɗan jiƙa bango kafin a shafa. Tana ɗanya ba ta nuna fari, sai ta bushe, saboda haka kada a yi ta maimaitawa a wuri ɗaya.

Tagogi su kasance a buɗe. Tururin tina yana sa jiri da ciwon kai, yana kuma kama wuta, don haka ba shan taba, ba fitilar kananzir, ba murhu a kusa. Kada a sirka fenti da fetur. A kafa tsani a wuri mai daidai, wani ya riƙe, kada a ɗora kujera a kan tebur. In farar ƙasa ko fenti ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti goma sha biyar, sa'an nan a tafi asibiti.

Bayan An Gama

A bar ɗaki a buɗe ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a kwana a ciki, in fentin mai ne har sai wari ya fita. Kada a wanke sabon bango sai ya yi kamar wata guda.

Burushin fentin ruwa a wanke shi da ruwa da sabulu, na mai da tina ko kananzir. Kada a zubar da ruwan wankin kusa da rijiya ko rafi ko inda dabbobi suke sha. Tsumman da ya jiƙe da fentin mai a shanya shi a fili, domin in aka dunƙule shi a lungu yana iya yin zafi har ya kama wuta. Fentin mai da ya taɓa fata, a murza man gyaɗa sa'an nan a wanke da sabulu. Ragowar fenti a rufe shi gam, a rubuta ɗakin da aka shafa, a ajiye a inuwa inda yaro ba ya kaiwa.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta mayar da bokitin fenti abin ɗiban ruwan sha ko awon hatsi ko jiƙa gero. Wanki ba ya fitar da fenti duka daga jikin roba ko gwangwani. A bar irin waɗannan ga aikin gini da zuba shara.

A wuraren da ma'aikatan lafiya suke fesa maganin sauro a bangon ɗakuna, a yi fenti kafin feshi. In aka shafa bayansa, an binne maganin ke nan.

In Za a Ɗauki Mai Fenti

A nemi wanda aka ga aikinsa a gidan wani, aikin da ya shekara. A yi ciniki a gaban shaida, a faɗi ɗakuna nawa, shafi nawa, da wanda zai kankare ya toshe tsaga. Ya fi kyau maigida ya sayo fentin da kansa, a buɗe a gabansa, ya ga yawan ruwan da aka zuba. Kada a biya kuɗi duka sai aiki ya bushe an duba shi da hasken rana. Shi kuma maigida kada ya matsa wa ma'aikaci ya shafa a kan ɗanyen bango don biki ya matso. Mai sana'ar kirki zai ce a jira, ya kamata kuma a saurare shi.

Kammalawa

Abin da ake so kowane magidanci ya riƙe shi ne: a gyara yoyo, a bar bango ya bushe, a wanke shi a toshe tsagarsa, a ba kowane bango irin shafen da ya dace da shi, a nisanta yara daga tsohon fentin mai da ƙurarsa. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, da shugabannin masu sana'ar fenti, su taimaka wajen isar da wannan bayani. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba, tun kafin ya tafi kasuwa sayen fenti.